Masu Sunan Kifau

Da sunan Allah nake farawa, Shi kaɗai ya san abin da ke rufe.

Kusan shekara arba'in na zauna da mijina ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Malam nake ce masa, in ina ba da labarinsa in ce maigidan. Yau zan kira shi da alƙalami, don mutanen da suka roƙe ni in rubuta wannan labari, sunansa suke ɗauke da shi, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Sunansa na yanka Muhammadu Tukur. A nan Kudan Malam Tukur mai doki ake ce masa. Amma yana da wani suna na yarinta, wanda yayarsa, Yaya Tabawa, ita kaɗai na taɓa ji tana kiransa da shi. Ita ta ba ni asalinsa. Mahaifiyarsu ta haife ta ta tsaya, daga nan duk namijin da ta haifa ba ya kai yaye. Da aka haifi Malam, sai kakarsu ta ɗauko babban masaki ta kife a kansa, ta tokare gefe da dutse don ya sha iska. Ta ce abin da ke zuwa ɗaukar 'ya'yan gidan nan, in ya zo ya tarar da ƙwarya a kife sai ya wuce. Camfi ne irin na mutanen da, Allah ya yafe musu, rai a hannun Allah yake. Amma yaro ya rayu, sai aka bi shi da Kifau. Yaya Tabawa ta ce ita ba ta taɓa jin wani mai sunan ba, gaba da baya, don ba wata kaka da ta yi wannan wauta sai tasu.

Ina amarya na tambaye shi. Yana zaune a tsakar gida yana gyaran linzami, na ce, "Malam, me ya sa ba mai kiranka da sunan nan sai Yaya?"

Ya yi murmushi bai ɗago ba, ya ce, "Na ba da shi aro, ba a dawo mini da shi ba."

Na ɗauka wasa ne. Mutum ne marar yawan magana, in ya yi wasa sau ɗaya sai ka riƙe shi ka yi ta dariyarsa har wata.

Tun yana saurayi sana'arsa matsar rake. Ga wanda bai ga yadda ake mazarƙwaila a da ba, injin ƙarfe ake kafawa a bakin fadama, a ɗora masa dogon itace, a ɗaure doki a ƙarshen itacen. Doki na zagayawa ana cusa rake, ruwan na tsiyaya, a kai shi wuta a dafa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Malam shi ne mai bin doki. Ba shi da inji, ba shi da rake, dokin ma na ubangidansa ne kafin Allah ya hore masa nasa. Inda rake ya nuna, nan yake. Bana Nasarawan Doya, baɗi Saulawa, wata shekarar Malikanchi. Yakan yi watanni a gari yana kwana a zauren mutane. Da injin mai ya zo aka daina neman doki, sai ya dawo gida ya kama noman dankali a 'yar gonarsa. Shi ke cika randunan masallacin unguwarmu da asuba, ba wanda ya sa shi. Har ya tsufa in yana tafiya yakan ɗan karkata hagu, irin na wanda ya daɗe yana zagaye.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Na sha saiwoyi na sha rubutu har cikina ya gaji. Daga baya muka je asibiti a Zariya. A hanyar dawowa bai ce mini uffan ba, sai da muka sauka daga mota. A gindin mangwaron bakin tasha ya tsaya ya ce, "Naja'atu, likita ya ce ke lafiyarki ƙalau. Daga wajena ne. Kina da sauran ƙuruciya. In kina son ki je ki nemi rabonki, wallahi ba zan riƙe ki ba, kuma ba zan riƙe ki a zuci ba."

Na ce, "Malam, rana ta yi, awaki ba su sha ruwa ba."

Iyakar amsar da na ba shi ke nan, kuma ba mu sake tayar da maganar ba. Mata suka ci gaba da nuna ni da baki a gidajen suna, ni ce juya. Ban taɓa tona masa ba. A kan maganar nan ta gindin mangwaro na gina zamana gaba ɗaya.

Ya rasu da daminar bara, bayan ɗan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ƙaninsa Gambo ne ya kai sanarwa gidan rediyo. Yaya Tabawa, da yanzu idonta ya tafi amma bakinta yana nan, ta ce lallai a sa sunan yarinta, don abokan aikinsa na fadama da shi suka san shi. Haka aka karanta: Malam Tukur mai doki, wanda a da aka fi sani da Kifau. Aka haɗa da lambar wayar Gambo.

An yi sadakar uku, mutane sun fara raguwa. Ina zaune a kan tabarmar takaba, ɗakin da sauran mata, sai wata budurwa ta yi sallama. Doguwa ce, da tabarau, da jaka a kafaɗa, kana gani ka ga 'yar birni. Ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, 'yan nan. Daga ina?"

"Daga Kaduna. Sunana Farida Hamisu Kifau." Sai idonta ya ciko. "Inna, ni jikarsa ce."

Ƙarar carbina na ji a kan tabarma, ban san lokacin da na sake shi ba. Ɗakin ya yi tsit, har wadda ke tauna goro ta daina.

Na ce, "Jikar wa?"

Ta ce, "Jikar marigayi."

Ba da wata manufa ta zo ba, na ga wannan a fuskarta tun a lokacin. Ta ce mahaifinta, Hamisu Kifau, ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, ya rasu tana ƙarama. Bai taɓa kai su garinsu ba, abin da kawai ya ce wa mahaifiyarta shi ne shi mutumin wajen Ikara ne. Yanzu an zo neman aurenta, dangin yaron sun ce a nuna musu dangin uba, a san wanda zai yi walicci. Ta yi cigiya har ta gaji. Sai ga mahaifiyarta ta ji sanarwa a rediyo.

Ta ce, "Inna, duk inda na yi makaranta ban taɓa haɗuwa da mai sunan nan ba sai mu. Da na ji, na san na samu gida."

Na ce a kawo mata ruwa.

Kafin la'asar Gambo ya yi sallama a bakin ƙofa. Shi Gambo tun ranar da aka kawo ni gidan nan amaryarmu yake ce mini, har muka yi furfura bai daina ba. Ran nan sai ya ce, "Naja'atu."

Na ce, "Na'am."

"Wani ya buga waya daga Fatakwal, wai shi Zayyad Kifau, wai kakansa ne. Jiya ma wani ya bugo daga Legas, na ɗauka 'yan damfara ne na kashe." Ya ƙara da cewa, "Yanzu kuma wata ce daga Kafanchan, ma'aikaciyar jinya. Judith Kifau. Har da Kirista, Naja'atu."

Na ce, "Gambo, kai ƙaninsa ne. Me ka sani?"

Ya ce, "Lokacin da yake yawon fadama ni ina Kano wajen ɗinki. In ya dawo mazarƙwaila yake kawo mana, ba labari ba."

Aka tambayi Yaya Tabawa. Ta ce ƙarya ne, ƙaninta ko akuyar mutane bai taɓa kallo sau biyu ba. Amma da aka ce mata to ina suka samo sunan, tunda ita da bakinta ta ce babu mai shi sai shi, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Magana ba ta kwana. Washegari ina alwala a bayan ɗaki na jiyo wasu mata ta bayan danga, ɗaya na cewa, "Ashe duk garin da doki ya zagaya, an bar iri." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na san muryoyinsu, a gidan nan suka ci tuwon sadaka. Liman ya aiko cewa a dakata da rabon gado sai an gane ko akwai magada. Gonar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wanda na zauna da shi.

In yaran nan nasa ne, to maganar gindin mangwaro ƙarya ce. Kuma bai taɓa yin wani aure kafin ni ba, kowa ya shaida. Ke nan ya tafi kabari da abin da ya fi ƙarya nauyi. Na saba bayan kowace salla in ɗaga hannu in ce Allah ka jiƙan Malam. Sai na wayi gari in na ɗaga hannu bakina ya yi nauyi. Ina faɗa, amma kamar mai isar da saƙon wani. Wannan ya fi komai tsorata ni. Ga shi ina takaba, ba halin in fita in bi garuruwan nan in tambaya. Sai dai in zauna a kan tabarma, in ta jujjuya shekarun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda ya ɓoye mini.

Farida ba ta koma ba. A ɗakina take kwana, ta yi shara, ta wanke kwanuka, ta koma kirana Kaka. Ina satar kallonta. Na duba kunnenta, na duba yatsunta, na duba yadda take taka ƙasa. Ban ga Malam ba ko kaɗan. Amma wani lokacin 'ya takan biyo uwa. Abin da na yi shekaru ina roƙo, yarinya tana kai da kawowa a tsakar gidana tana ce mini Kaka, ga shi an kawo mini ta ƙofar da ba na so.

Rannan na ce ta nuna mini hoton mahaifinta. Ta buɗe waya ta miƙo. Na matso da shi kusa da idona. Gidan su Malam bille ɗaya suke yi a kuncin hagu, shi da Gambo da Yaya Tabawa duk suna da shi. Wannan mutumin kuwa 'yan baka ne da shi, uku uku a gefen baki. Wanzami ai zanen gidan uba yake yi wa jariri. Na ji wani sanyi ya sauko mini. Da maƙwabciyata Jamila ta shigo na gaya mata, har da ɗan murmushina.

Ta dube ni da tausayi ta ce, "Ayya, Inna Naja. To ai in matar wani ce, zanen gidan mijinta za a yi masa."

Da ban faɗa mata ba da ya fi. Ran nan ko kunu ban iya sha ba.

Gambo ya gaji da kallon da ake masa a masallaci. Ya zo ya ce shi ya yanke shawara zai karɓi waliccin yarinyar, a ɗaura aure a wuce wurin, a rufa wa mamaci asiri. Na ce, "In ka karɓa, ai ka sa hannu ke nan cewa ya aikata." Ya ce, "To ya kike so in yi? Mutum huɗu daga gari huɗu, suna ɗaya."

Ana cikin haka, wata ranar Laraba da hantsi, wani dattijo ya sauka daga kan babur a ƙofar gida. Ni ina ciki, Farida ce ta leƙa ta gaya mini: mai furfura ne, da babbar riga shuɗiya, da ƙullin leda a hannu. Gambo ya shigar da shi zaure. Na matso bayan labulen zauren na zauna, don ba ya halatta in fita, amma kunne ba ya takaba.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, Hausarsa tsaf irin ta ƙauyukanmu. Ya ce sunansa Nehemiya, tsohon malamin makaranta ne, mutumin Malikanchi, amma aiki ya zaunar da shi Kafanchan. Judith da ta bugo waya 'yarsa ce. Ya ce da ya zo tun da wuri, ƙafa ce ta kwantar da shi.

Ya ce, "Na zo gaisuwar Baba ne."

Na ji numfashin Gambo ya canza. Ya ce, "Malam Nehemiya, ka yi haƙuri, mun gaji. Baban naka ta ina? Faɗa mana, wace ce mahaifiyarka?"

Dattijon ya ce, "Mahaifiyata? Me ya kawo mahaifiyata?"

"Kai ba Kifau kake amsawa ba?"

"Shi nake amsawa."

"To."

Sai na ji dattijon ya ce a hankali, "Au. Bai gaya muku ba." Ya sake cewa, "Wayyo Baba. Abin da kuke zato ke nan? Abin da garin nan ke zato ke nan?" Sannan ya ce, "Alhaji Gambo, ubana Ɗanbaba ne, manomi, kabarinsa na Malikanchi, kowa ya san shi, kuma kamarmu ɗaya kamar an tsaga kara. Sunan nan aro ne."

Da na ji kalmar aro, sai na ga Malam zaune da linzami a cinya. Na dafa bango.

Ga abin da ya ba da labari, yadda na ji shi. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, mai unguwar Malikanchi ya bi gida gida ya ce kowa ya kawo ɗa. Malamin makaranta ya kafa tebur a gindin tsamiya, yana tambayar sunan yaro da sunan ubansa. Nan aka tsaya cirko-cirko.

Ya ce, "Alhaji, ka tuna zamanin. Yaro ya kira sunan ubanka gatsau, ai sai dambe. Uwarka ma ba ta kiran sunan. To wane dattijo zai yarda wani saurayi mai gajeren wando, sa'an ɗansa, ya riƙa ƙwala sunansa kowace safiya a gaban yara, babu Malam babu Alhaji, yara kuma su ɗauka su yi ta rera shi a hanyar rafi? Gidajen malamai kuma ba sa son a ji sunansu a boko ko da wasa. Wasu suka ce a sa sunan gari. Malamin ya ce ya riga ya cika aji da sunan gari, Musa uku Audu huɗu, ba ya gane kowa, shi sunan mutum yake so."

Malam, maigidana, yana gefe yana ba doki ruwa. Saurayi ne, baƙo, ba mata ba ɗa, ba wanda zai yi faɗa a kan sunansa. Sai wani dattijo ya ce, rabi wasa, "Kai Kifau, ara mana naka mana." Malam ya yi dariya ya ce, "Ku ɗauka, Baba, ba abin da nake yi da shi." Aka rubuta yaro na farko. Na biyu ma uban ya ce a sa masa. Baban Nehemiya, da bai daɗe da shiga coci ba amma kunyar Bahaushe tana nan inda take, shi ma ya ce a sa wa nasa. Da labari ya bi masu rake zuwa Saulawa da Nasarawan Doya, shekarun da suka biyo in lokacin ɗaukar yara ya yi, sai a nemo mai doki.

Gambo ya ce, "Shi ke nan? Wasa?"

Nehemiya ya ce, "Da wasa ya fara. Amma in yaro ya gudu daga makaranta, wa kake jin za a aika a kira? Sunan da ke rubuce. Iyayenmu ba sa zuwa, ai ba sunansu ba ne. Shi ke zuwa. Aka kawo mana sabon hedimasta, Malam Benson, bai san dawan garin ba. Ya tsayar da Baba a gaban ofis yana masa faɗa, kai yaro da kai ka tara 'ya'ya haka, kuma ba ka iya kula da su? Muna leƙe ta taga muna dariya. Baba ya cire hula ya riƙe a hannu ya ce, a yi haƙuri Malam, zan kula. Kuma ya kula. Ni nan gudu nake yi in ɓuya a cikin rake. Sai ya bar inji tsaye, mai rake na zaginsa, ya zo ya zaƙulo ni, ya ɗora ni a kan doki, ya ba ni mazarƙwaila mai ɗumi a ganye, ya sauke ni a ƙofar aji. Ya ce, kai, sunana ne a ciki, kada ka ba ni kunya."

Na ji ya fyace hanci. Ya ce da takardun gama makaranta suka fito, da sunan suka fito. Wanda ya canza ya rasa takardarsa. Haka suka shiga duniya da shi, suka yi aiki da shi, suka sa wa 'ya'yansu. Waɗanda suka gaya wa 'ya'yan asalin abin sun gaya, waɗanda mutuwa ta riga su ko kunya ta hana su, 'ya'yan suka tashi suna zaton kakansu ne.

Ban san lokacin da na yi magana daga bayan labule ba. Na ce, "Bawan Allah, to me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

Ya ce, "Mama ce?" Ya sake gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce, "Da farko iyayenmu ne suka ce ya riƙe musu amana. Amma akwai wani abu. Na taɓa haɗuwa da shi a kasuwar Makarfi, shekaru da yawa, na riga na zama malami. Na durƙusa na ce Baba. Ya ɗaga ni da sauri yana waige-waige, ya ce je ka gaida ubanka, ni aro ne. Na ce zan zo gida in kawo iyalina. Ya ce kada ka zo. Ya ce matata Allah bai ba ta ɗa a gidana ba, kuma ba laifinta ba ne. Ba na son ta ji ana kiran sunana a kan 'ya'yan wasu matan, ranta ya sosu."

Farida ce ta riƙe ni. Ita ma kuka take, nata daban nawa daban. Ni na samu mijina, ita ta rasa kakan da ta samu.

Gambo ya ce bakin mutum ɗaya ba ya kashe maganar gari. Nehemiya ya ce gaskiya ne. Ya karɓi wayar Farida ya dubi hoton, ya ce bai san Hamisu ba, ba ajinsu ɗaya ba, amma irin wannan zanen ya san shi a wani gidan malamai a Saulawa. Washegari su uku suka tafi Saulawa. Da yamma suka dawo su huɗu. Na huɗun wani tsoho ne, Malam Zakiyyu, mai 'yan baka uku uku. Farida ta ce da ya ga hoton sai ya zauna a ƙasa. Wan Hamisu ne, uba ɗaya. Ya ce Hamisu uwarsa ta fita ta bar shi, shi ya sa da aka ce a kawo ɗa shi aka miƙa. Da ya gama makaranta ya dawo da wando da takalmi, mahaifinsu ya daina cin abinci da shi. Ya tafi Kaduna bai sake waiwayowa ba. Sun neme shi da sunan gidansu, ba su same shi ba, don ba wanda ya tuna cewa ba da shi yake yawo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Zakiyyu ya tsaya a ƙofar gidan nan gaban liman da mutanen unguwa. Ina jin muryarsa daga ciki. Ya ce, "Mahaifinmu ne ya ari sunan bawan Allah nan, ina tsaye a wurin. Mu ne da kunyarmu muka ɗora masa kaya, ya ɗauka bai ajiye ba har ya mutu. Duk wanda ya faɗi wata magana a kansa, ya nemi gafara tun yana da baki."

Matan bayan danga sun zo da daddawa da kuka wai sun zo duba ni. Na karɓa na yi godiya.

Daga nan waya ba ta huta ba. Judith da Farida suka yi ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Ashe akwai Kifau a Fatakwal masu sayar da albasa, akwai a Agege, akwai a Sakkwato da Minna, akwai soja a Maiduguri, akwai wata da ke aikin asibiti a Jidda. Wasu na zuwa masallaci, wasu na zuwa coci. Duk wanda aka bi sawunsa, sai a tarar ya koma ɗayan garuruwan nan uku, Malikanchi ko Saulawa ko Nasarawan Doya, inda doki ya zagaya. Ko ɗaya babu jininsa a ciki. Da aka karanta wa Yaya Tabawa sunayen garuruwan, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. An kife yaro don kada a gan shi, ga shi an gan shi har bakin teku."

Da Farida za ta tafi Saulawa, ta durƙusa a gabana ta ce, "Kaka, yanzu sai in cire sunan?"

Na ce, "Waliyyinki yana Saulawa, jininki can yake, da sunan kakanki na gaskiya za a ɗaura miki aure. Wannan kada ki yi wasa da shi. Na takarda kuwa, ba ni na ara muku ba, ba ni zan karɓa ba."

Ta ce, "Kakar fa? In daina?"

Na ce, "Wa ya ce ki daina?"

Gambo na tsaye a bakin ƙofa da jakarta. Ya ce, "Amaryarmu, ki sake ta haka nan, mota ba ta jira."

Har yau mamaki bai sake ni ba. Mutum ya kwana ya tashi a gabanka kusan shekara arba'in, ka san yadda yake tari, ka san loma nawa ke ƙosar da shi, ashe akwai garuruwa a bayansa ba ka sani ba. Ƙullin da Nehemiya ya kawo mazarƙwaila ce, ya ce ya rasa abin da zai riƙo sai ita. Ranar da Malam Zakiyyu ya yi magana, da na idar da sallar la'asar na ɗaga hannu, ban ma shirya abin da zan ce ba, addu'ar ta zo da kanta, har hannuna ya gaji ban gama ba. Bayan na shafa na gutsuri mazarƙwailar na sa a baki. Rabona da jin ɗanɗanon abinci tun ranar da Farida ta yi sallama.

Ku da kuke ɗauke da sunan nan, ga mai shi, iyakar abin da na sani. Allah ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa iyayenku a nan.